Yadda Za Ki Ɓoye Tsuntsun Idon Sawunki Har Ki Haihu Tsohuwarki Ba Ta Gani Ba

'Yar'uwa, matso kusa, ki ajiye kunyar nan a bakin ƙofa. Na san abin da ya kawo ki. Kina da zane a idon sawu, ba na lalle ba mai goguwa cikin sati biyu, na allura, wanda 'yan birni ke ce wa tatu. Ga ciki ya shiga, ga tsohuwarki ba ta taɓa ganin zanen ba. To kwantar da hankalinki. Ni ce Sa'a mai ƙunshi ta bayan tashar Matamaye, shekara goma sha ɗaya ina ɗora ƙafafun matan garin nan a kan cinyata. Na yi miki alkawari, in kika bi matakai taran nan ɗaya bayan ɗaya, za ki haihu, a yi suna, a yi arba'in, ba wanda ya ga komai. Tsarin nan gwadajje ne. Na gwada shi a kan mace ɗaya, Jannatu matar Illa, kuma ya yi aiki sumul har mataki na shida.

Mataki na 1: Ki san abin da kike ɓoyewa, ki san wadda kike ɓoye wa

Zauna, ɗora ƙafar kan turmi, ki dube shi da kyau. Fure ne? Tauraro ne? In sunan wani ne ba na mijinki ba, naɗe takardar nan ki mayar mini, ya fi ƙarfina.

Na Jannatu kurciya ce 'yar mitsitsiya, ba ta wuce ƙwayar gyaɗa biyu ba. A shekarar farko ta aurensu Illa ya tafi da ita Legas ci-rani, inda yake sayar da shayi da burodi a gindin wata gada. Wata Lahadi suka fita shan iska, soyayya ta ɗebe su, suka tarar da wani mutum da 'yar na'ura yana zana wa mutane jiki. Illa ne ya ce a yi musu kurciya iri ɗaya, ita a ƙafar dama, shi a ta hagu, don duk ranin da ya raba su tsuntsayen su riƙa tuna juna. Jannatu ta fara miƙa ƙafa, ta ciji leɓe aka gama. Da Illa ya ji kukan na'urar, ya kuma ga jini, sai ya tuna ya bar tukunyar shayi a kan wuta. Har yau ƙafarsa fes take.

Wadda ake ɓoye wa kuwa Inna Shekara ce, mahaifiyar Jannatu. In ke baƙuwa ce a garin nan, bari in gaya miki, rabin matan unguwarmu ita ta yi musu wankan jego, in kuma mace ta rasu ita ake kira ta yi mata na ƙarshe. Wata rana a gidan biki aka ga wata amarya 'yar birni da irin wannan zane a wuya. Inna Shekara ta ajiye goronta ta ce, a gaban mata sun fi talatin, ita dai hannunta ba zai taɓa jikin da aka yi wa wannan abu ba, ko jego ko gawa, ko da ita ta haife shi. Jannatu na zaune a gefenta a lokacin, kurciyarta na da wata biyu a ƙarƙashin zani.

Kada ki ce ai ita ma Inna Shekara da shasshawa a kumatu. Na wanzami gado ne, na Legas iskanci ne, masana irina sun daɗe da raba wannan gardama.

Abin da Jannatu ke tsoro ba zagi ba ne, zagi ta saba da shi. Cikin fari ne, gida za ta koma haihuwa kamar kowa. Tun tana ƙarama take ganin uwarta na fita da sassafe yi wa 'ya'yan wasu wanka, tana jiran ranar da hannun nan zai zo kanta. In aka ga kurciya, sai dai a kirawo wata daga maƙwabta, uwarta na ɗaki tana jin ƙarar ruwa, gari kuma ya shiga tambayar dalili.

Mataki na 2: Ki sani zane ba ya zama yadda aka bar shi

Nan ne ilimi yake, ki buɗe kunne. Mai ciki na tara ruwa. Ruwa kuma gangara ya sani, sai ya bi ƙafa ya taru a idon sawu tunda nan ne ƙarshen hanya. Fata ta miƙe, duk abin da ke kanta ya miƙe tare da ita. Mutumin Legas bai gaya wa Jannatu wannan ba, shi bai taɓa yin ciki ba.

Ga sakamakon binciken da na yi a ƙafarta. A wata na uku kurciya tana nan kurciya. A na biyar ta zama tattabara mai ƙoshi. A na shida zabuwa. A na bakwai agwagwa, wuyan ya yi tsawo ya fara zagayawa ta bayan agara. A na takwas kuwa, da safe agwagwa, da la'asar talo-talo. Jimina ce ban samu gani ba, bincike ya katse.

Tsuntsun yana bin lokaci. In ta yini tsaye a gindin murhu sai ya buɗe fiffike, in ta ɗora ƙafar kan matashi ya ɗan naɗe. Har ta kai Jannatu na sanin la'asar ta yi tun kafin ladan ya kira. In kika ga naki na ƙiba haka kada ki damu, alamar tsuntsu mai lafiya ke nan. Haka na gaya mata, haka ta yarda.

Mataki na 3: Ki rufe shi da lalle, ki sa duk gari ya rufe nasa

Zo wurina. Ban da jan lalle, tsuntsu na leƙowa ta cikinsa. Baƙi za a yi, sau biyu a jere. Matsala ɗaya ce, ƙunshin iyayenmu iyakarsa gefen tafin ƙafa, idon sawu kuma yana sama da yatsa uku. Mace ɗaya ta hau da lallenta can sama, sai a yi magana. Maganin wannan shi ne yayi.

Na hau da na Jannatu har ya rufe idon sawu, na yi masa 'yan ƙayoyi a baki, na ce sabon fitowa ne, sunansa Ɗan Barto, sunan garin nan na bakin boda, tunda iyaka ce. Ran kasuwa ta zagaya rumfuna sau biyu tana ɗan ɗage zani. Kafin sati mata sun cika mini tsakar gida, har daga Tsauni da Dawce a kan amalanke, kowacce na cewa a yi mata irin na matar Illa. Duk lokacin da tsuntsu ya ƙara girma sai in matsar da iyaka sama da yatsa ɗaya, in ce haka yayin ya koma. Su ma su dawo a matsar musu. Zuwa wata na shida rabin matan auren Matamaye na yawo kamar sun faɗa cikin kwalta har ƙwauri, mazajensu na dawowa daga gona suna tambayar ko lafiya. A cikin baƙaƙen ƙafafu arba'in ba mai tsayawa kallon guda ɗaya. Inna Shekara da kanta ta duba ta ce muni dai akwai shi, amma ba ta ga zunubi ba.

Sai dai ki lura. Fata mai kumburi sheƙi take yi, lalle ba ya zama a kanta. Wanda ke sati biyu ya koma kwana goma, ya koma biyar. Kuma idon tsuntsun ne ke fara fitowa. Jannatu ta ce mini ba tashin hankalin da ya kai mutum ya sunkuya ɗaukar tsintsiya ya tarar ƙafarsa na kallonsa.

Mataki na 4: Ki sa safa, ki nemo mata dalili

Da lalle ya fara cin amana muka koma ga safa. Amma ki tuna lokacin bazara ne, watan da ƙadangare ke ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya a kan katanga. Mai safa a wannan zafi ko dai mahaukaciya ce ko ustaziya. Ki zaɓi ta biyun. Sayi dogon hijabi, rage murya, in an gaishe ki ki amsa da sallama cikakkiya har ƙarshenta.

Jannatu ta yi haka, abin ya karɓe ta fiye da yadda muka so. Cikin sati uku mata suka fara aiko mata da tambayoyi kan ramuwar azumi da idda. Ita da ba ta gama izu biyu ba, sai ta ce akwai saɓanin malamai, a ce kai, yarinyar nan ta yi nisa. Malamar islamiyya ta roƙe ta ta yi wa matan aure nasiha kan suturar ƙafa. Ta miƙe, gumi na tsiyaya cikin safa, ta yi magana a kan yadda ƙafar mace amana ce, da yadda abin da mutum ya yi wa jikinsa a rana ɗaya yakan bi shi har kabari. Sai kuka ya ƙwace mata, na gaske. Mata suka kama kuka su ma, washegari safa ta ƙare a kasuwa.

Labari ya kai wa Inna Shekara. Ta aiko mata da ƙwaryar fura da saƙon cewa ta gode wa Allah da ya nuna mata wannan rana. Jannatu ta zauna gaban furar nan ta kasa sha. Duk cikin watannin nan ba abin da ya yi mata ciwo kamar wannan ƙwarya.

Ki tanadi safa hawa uku. Taki za ta kai ki wata shida. Daga nan safar ƙwallon mijinki. Daga nan ki je wurin 'yan gwanjo ki sayi rigar sanyi ta namiji, ki yanke hannayen, ki ɗinke bakin. Alwala kuwa a bayan zana, ko da buta na tsakar gida.

Mataki na 5: Kada ki nemi shawarar wanda ya gudu ya bar ki da na'ura

Wannan gajere ne. Jannatu ta kira Illa a salula, yana Legas sai ruwa ya sauka zai dawo. Ya ce ta ce ƙunar salansa ce. Ta tambaye shi wace irin salansa ce ke ƙona mutum ta bar masa baki da ido da fiffike biyu. Ya ce to ta ce baiwa ce, da ita aka haife ta. Ta tuna masa cewa matar da za ta gaya wa haka ita ce ta haife ta. Sai ya ce ta turo masa hoto. Da ya gani ya yi dariya har ya ƙware, ya ce wallahi da ya sani da saniya aka zana, yanzu da sun yi garke.

Mataki na 6: Ki guji awo, amma karne ya cika

A matarnite, asibitin haihuwa, akwai sajfam, ungozomar likita, mace mai kirki amma mai son ganin ƙafa. Da kin zauna za ta ce cire safa, ta latsa idon sawu, sannan ta ɗaura miki ƙyallen nan a hannu ta hura, ta duba tansiyo, wato hawan jini. Har wata na biyar Jannatu na zuwa, lalle na rufe da komai. Ran awon wata na shida ta kai bakin ƙofa, ta leƙa cikin safa, ta ga ido ya fito da rabin baki. Ta juyo ta zo wurina.

Ga inda gizo ke saƙar. Inna Shekara ba ta karatun boko, amma ƙirga ba a kama ƙafarta. Duk ranar awo sai ta ce a kawo mata karne, katin nan na masu ciki, ta bi layukan da yatsa ta ga ko an ƙara. Saboda haka dole a ƙara. Ni a aji uku na bar lakwal, makarantar boko, amma na lura da wani abu tun tuni, rubutun likita ba mai iya karanta shi, har su kansu. Abin da ake buƙata shuɗin bik ne, wato biro, da Faransanci. Faransanci kuwa yana nan kyauta a jikin gwangwanin tumatir. Wata na shida na kwafe gaban gwangwanin, na bakwai na kwafe bayansa, na takwas na koma gwangwanin kifi. Hatimi, murfin kwalba a tsoma a tawada. Ki karkata hannu, ki yi sauri, kada ki ɗaga bik sai layi ya ƙare.

Haka muka riƙa yi. Duk safiyar awo Jannatu na tsakar gidana, ƙafa a kan turmi, muna shan rake muna yi wa tsuntsu kirari. Da hantsi ta koma da karne, Inna Shekara ta ƙirga ta ce madalla, likitan nan ta fi ta da yawan rubutu. Mun sha dariya a ranakun nan, ba zan ɓoye miki ba.

Mataki na 7: In kin koma goyon ciki, ki tanadi faifai babba

A wata na bakwai aka mayar da Jannatu gidan uwarta, ɗaki ɗaya, tabarma biyu. Daga nan sai in riƙa fakon fitar tsohuwa in shiga da kwanon lalle. Cikin wata na takwas zoben Jannatu ya ƙi fita. Fuskarta ta yi fam. Ta ce kanta na sarawa kwana biyu. Na ce ta ɗaure shi da kallabi tamau, ta sha tsamiya, zafi ne kawai. Kin ga ni masaniya ce.

Ran nan aka ce Inna Shekara ta tafi suna can unguwar gabas, na shiga da hantsi. Hannun rigar sanyin ya ƙi fita daga ƙafar, sai da na tsaga shi da reza. Gumi ya cinye lallen tas. Ga talo-talo nan cikakke, fiffikensa ya rungume ƙafar gefe da gefe, yana ta sheƙi. Jannatu na jingine da bango tana cewa wasu 'yan ƙyalƙyali na yawo a idonta, na ce ta daure in gama kwaɓi. Sai muka ji sallama.

Ashe tsohuwar ko zama ba ta yi ba a gidan sunan. Fuskar Jannatu da ta gani da safe ce ta tsaya mata a rai, ta yi barka daga tsaye ta juyo. Na fizgi faifai na kife a kan ƙafar, na ɗora kwanon lalle a kai, na shiga gaishe ta da zafin rana. Ki rubuta wannan, faifai na rufe tattabara, yana iya rufe zabuwa, amma ba ya rufe talo-talo. Wuyan na waje.

Inna Shekara ta ɗauke kwano, ta ɗauke faifai. Jannatu ta runtse ido ta fara, wai a Legas ne, wai ƙuruciya ce, wai ba ita ta ce a yi ba. Tsohuwar ba ta ko kalli bakinta ba. Ta tsuguna ta ɗauki ƙafar da hannu biyu, ta sa babban yatsa daidai ƙirjin tsuntsun ta danna, ta ɗan jima, ta ɗaga. Rami ya zauna a wurin, ya ƙi cikowa. Ta danna ɗaya ƙafar, haka. Ta dubi zoben, ta dubi fuskar.

"Kwana nawa kanki na ciwo?"

"Uku, Inna."

"Me sajfam ta ce?"

Tsohuwar ta juyo ta dube ni, ni kuma na dubi lallena. Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi in fita in tsayar da a-daidaita, in kuma ban samu ba in zo in goya ta da kaina. Na fita ba takalmi.

Mataki na 8: In za a kai ki likita, ki manta karne a gida

Mu ba mu manta ba, Inna Shekara ce ta ɗauko shi ta miƙa da hannunta. Sajfam ta buɗe, ta gyara tabarau, ta kira abokiyar aikinta. Ashe rubutun nawa yana karantuwa. Ta fassara wa tsohuwar da Hausa a gaban kowa. A wata na shida an auna Jannatu an tarar tumatir ce mai kauri ninki biyu. A na bakwai an ce a ajiye ta wuri mai sanyi, in an buɗe a cinye cikin kwana uku. A na takwas tana cikin mai, ba ƙaya. Matan da ke kan benci suka fashe, har mai shara ta jingine tsintsiya.

Sai sajfam ta ɗaura ƙyallen ta hura. Ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Dariya ta ɗauke. Suka koma Faransanci da sauri-sauri, wata ta ruga ta kawo allura, wata ta kira ambilans a tafi Damagaram. Inna Shekara ta shiga bayan motar ta zauna wajen ƙafafu. Ni ba a ce in shiga ba.

Bayan sun tafi sajfam ta kira ni ciki ta rufe ƙofa. Ba zan rubuta duk abin da ta gaya mini ba. Ta ce kumburin ƙafa kaɗan kowace mai ciki na yi, amma wannan jini ne ya hau, kuma da an zo awo tun wata na shida da an gani. Ta ce da an ƙara kwana biyu sai jijjiga, a rasa uwa ko ɗa ko duka. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni. Na koma gida na tarar da mata uku na jira a matsar musu da Ɗan Barto, na ce yayin ya wuce.

Allah ya yi da sauran kwana. Jannatu ta haifi 'ya mace, 'yar ƙarama, amma da muryarta. Kwana tara suka yi a Damagaram, suna ma can ya same su. A duk kwanakin nan Inna Shekara ta yi jinya, ta ɗauki jaririya, ta wanke tsumma, amma ko sau ɗaya ba ta ambaci tsuntsu ba. Jannatu na kwance tana juya abin a ranta. Taɓawar ran nan ta ceton rai ce, ko arne ya faɗi a hanya a ɗaga shi. Wanka kuwa magana ce daban, kuma tsohuwa ta riga ta rantse a gaban mutane.

Mataki na 9: Ran wankan farko

Nan ba ni da shawara, abin da Jannatu ta ba ni labari kawai zan gaya miki.

Washegarin dawowarsu da safe ta ji an ɗora tukunya, itace na ƙara. Sai ta jiyo muryar Kande a tsakar gida, maƙwabciyar da ke karɓar wankan jego in Inna Shekara ba ta da lafiya. Jannatu ta ce a ranta shi ke nan, an yanke hukunci. Ta shimfiɗe jaririya, ta ɗaura zani, ta shiga bayan zana ta zauna a kan 'yar kujera. Ba safa, ba lalle, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Kumburi ya saɓe, tsuntsu ya saɓe tare da shi, amma bai koma gida ba. Wuya a karkace, fiffike ɗaya ya fi ɗaya, duk ya yamutse kamar kazar da ruwan sama ya doka. Ta zauna tana kallonsa tana jin takun mai zuwa.

Ashe ganyen darbejiya kawai Kande ta kawo. Inna Shekara ce ta shigo, zani ɗaure a ƙirji. Ta tsoma hannu a ruwan, ta surka, ta sake surkawa tana gunagunin likitocin zamani da suka hana ruwa mai zafi suka hana kunun kanwa, wai su suka fi ta sani. Ta tsoma ganye ta fara daga kafaɗa, ta bi baya, ta bi ciki a hankali, yadda take yi wa 'ya'yan mutane shekara talatin. Da ta iso ƙafar dama Jannatu ta ja ta bayan kujera. Tsohuwar ta kamo ta ta ɗora a kan cinyarta, ta wanke ta tas, har tsakanin yatsu. Sannan ta sa babban yatsa a ƙirjin tsuntsun ta danna, ta ɗaga. Fata ta ciko. Ta sake dannawa don ta tabbata.

"Inna, kin ce hannunki ba zai taɓa ba."

"Na ce. A gaban mata talatin na faɗa, duk suka manta, ke kaɗai kika riƙe. Saura kaɗan in yi miki ɗaya wankan a kan maganar bakina."

Ta shafa wurin da tafin hannu, ta jima ba ta saki ba.

"Kada ki kuma rufe mini shi. In Allah ya kawo wani cikin, nan zan riƙa dubawa."

Jannatu ta kifa kai a gwiwa tana kuka. Tsohuwar ta ce ta ɗago, ruwa na hucewa, ga ɗaya ƙafar ba a wanke ba.

Wanke hannu

Ni Sa'a ba likita ba ce, ba malama ba ce, lalle nake kwaɓawa. Duk wadda ta bi matakan nan ta ga ba daidai ba, kada ta ambaci sunana a gaban sajfam, ko uwarta, ko alƙali. Ban san ki ba, ban ba ki takardar nan ba. Matan da har yanzu ƙwaurinsu bai washe ba su yi haƙuri, zai fita. In kuwa kika danna idon sawunki rami ya zauna, ko kanki ya hau sarawa, ki yar da takardar nan, ki cire safar, ki tafi awo da ƙafarki a buɗe, ko jimina ce a kai.

Ƙunshin arba'in na Jannatu ba ni na yi ba, wata aka ɗauko daga Tsauni, aka ce ta tsaya ƙasa da idon sawu. Kullum da safe in zan wuce ƙofar gidansu nakan tsaya in yi wa Inna Shekara sallama. Wata biyar ke nan ba ta amsa ba. Gobe ma zan tsaya.